Gwanin da Ke Tsayar da Rawar Kan Babur

A cikin koke-koken da masu babura ke kai wa kanikawa a Talata Mafara da Bakura da Maradun, akwai guda ɗaya da ke raba gwani da ɗan koyo. Idan inji ya ƙi tashi, hanyar bincike sananniya ce: a duba fulogi, a duba mai, a duba wuta. Idan kaca ta tsinke, ko makaho ya shafa ya san abin da ya faru. Amma ranar da mutum ya turo mashin ya ce kansa ke rawa, to an zo wurin. Ga mashin a tsaye lafiya lau, ba ya yoyo, ba ya ƙara, babu abin da ya karye. Ciwon ba ya fitowa sai ana tafiya, sau da yawa ma sai an kai wani gudu, ko sai an ɗora kaya. Shi kuwa bakanike yana zaune a rumfarsa, an ce ya gano abin da ba ya faruwa a gabansa.

Rawar takan fara da ɗan motsi a tafin hannu, kai yana kaɗawa dama da hagu da sauri, sai ta yi ta ƙaruwa har madubi ya daina nuna komai. Idan ta yi tsanani, kan yakan ƙwace daga hannun mai tuƙi, kafin a ce kwabo mutum da kaya suna ƙasa. Wanda ya iya kashe ta daga tushe ya cancanci a tsaya a dubi aikinsa da kyau, domin gwanintarsa ba a ƙarfin damtse take ba. Tana cikin sanin abin da za a fara dubawa, da abin da zai biyo baya, da haƙurin ƙin kwance noti kafin a san dalili.

Hanyoyin da ke cin ƙarfe

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato aka kammala a 1978, ita ta mayar da wannan yanki wurin da ba a ajiye fartanya damina da rani. An shimfiɗa hanyoyin ban-ruwa a fili mai faɗin hekta 23,000, kuma daga nan da fadamun da ke kewaye ake fitar da shinkafa da masara da alkama da albasa da tumatir da dankali. Duk wannan amfani sai ya bar gona ya isa kasuwa, musamman kasuwar Mafara da ke ci ranar Talata.

Kwaltar da ta taso daga Gusau zuwa Sakkwato ta ratsa Mafara ta wuce Lambar Bakura, sai dai gona ba a bakin kwalta take ba. Wanda zai fito da kaya daga Dakko ko Rini ko Birnin Tudu ko ƙauyukan Maradun, dole ya bi burji da yashi da burtali da gefen kwatar ruwa. Da damina laka ce mai riƙe taya. Da rani lakar ta bushe da sawun amalanke da na kofaton shanu a jikinta, ta zama gargada mai tauri da ke dukan tayar gaba ba ƙaƙƙautawa.

Abin hawan da ke jure wannan hanya shi ne babur: Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, da Jincheng da Daylong da ake kawowa daga Sin, sai keke mai ƙafa uku na dakon kaya. Babur ɗin da nauyinsa bai kai kilo 130 ba, sai a aza masa buhu biyu na shanshera, ko injin ban-ruwa da tiyonsa, mai shi ya matsa kan tanki ya ba shi wuta. Ga kuma halin tsaro da ya sa manomi da ɗan kabu-kabu kowa ke son ya shiga gida kafin almuru. Gudu ya ƙaru, kaya ya ƙaru, hanya kuwa tana nan yadda take. A irin wannan hali ne kai ke koyon rawa.

Me ke sa kai rawa?

Da za a ja layi ya ratsa ta tsakiyar wuyan babur ya gangara har ƙasa, zai sauka a gaban wurin da taya ke takawa, da tazarar santimita 8 zuwa 10 a yawancin ƙananan babura. Ma'ana, tayar gaba janta ake yi, tana bin bayan wannan layi. Shi ya sa idan dutse ya kautar da ita, da kanta take komowa tsakiya, shi ya sa kuma yaro ke iya sakin hannu a kan keke bai faɗi ba. Amma wajen komowa takan ɗan zarce, sai ta sake gyarawa ta zarce ta ɗaya gefen. A lafiyayyen babur wannan kai-komo yana mutuwa nan take, domin riƙon da roba ta yi wa ƙasa da hannun mai tuƙi suna shanye shi. Duk wanda ya taɓa tura gadon asibiti da sauri ya ga 'yar tayar ƙasansa tana karkarwa, ya ga wannan al'amari da idonsa.

Masana sun daɗe suna nazarinsa. A 1971 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Robin Sharp ya yi lissafin da ya bambanta motsin babur iri-iri, kuma biyu daga ciki su ne ke damun masu tuƙi. Na farko rawar kai ce zalla, mai sauri, wadda ke kaɗawa sau 6 zuwa 10 a daƙiƙa ɗaya. Na biyu tangaɗi ne, inda babur gaba ɗaya ke lanƙwasa yana karkata a hankali, sau 2 zuwa 4 a daƙiƙa, kuma ya fi zuwa a gudu mai yawa. Na farko yawanci daga gaba yake tasowa, na biyu daga baya.

Akwai wani ɗan lissafi da ke warware abin da ke ɗaure wa masu babura kai. Tayar gaba mai lamba 2.75-17, irin ta Boxer, kewayenta ya kusa mita 1.8. A gudun kilomita 50 cikin awa ɗaya tana juyawa kusan sau 8 a daƙiƙa. Idan akwai kumburi a jikinta ko wilin ya karkace, to sau 8 a kowace daƙiƙa ake zungurar kan babur, kuma wannan ya faɗo daidai cikin saurin da kan yake son rawa da shi. Dalilin ke nan da ya sa mutum zai ce mashin ɗinsa lafiya yake a gudun 30, ya haukace a 50, ya kuma ɗan lafa a 70. Bakaniken Mafara ba lallai ya taɓa jin sunan Sharp ba, amma ya san wannan doka sarai: rawa tana buƙatar abu biyu, mai zunguri da mai sako-sako. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikinsa shi ne ya nemo su duka biyun.

Tambaya kafin sifana

"Sannu da aiki, Maigida. Wanga mashin kansa na rawa."

Gwani ba ya zabura ya ɗauki sifana. Tambayoyi yake jerowa, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. "Tun yaushe, Malam? Ka hwaɗi da shi? Da kaya yake yi ko ba kaya? Bisa kwalta ko cikin yashi? In ka kama birki fa? Wa ya taɓa shi kafin ni?"

Kowace amsa tana rufe wata ƙofa ta buɗe wata. Rawar da ke zuwa a wani gudu ta tafi idan an wuce shi, tana nuna abin da ke juyawa, wato taya ko wili. Wadda ke tasowa bayan an faɗa rami, ko lokacin da aka saki totur ana rage gudu, tana nuna wuya ko tayar da ta cinye. Wadda ba ta zuwa sai an kama birkin gaba, wuya ne ya saki ko gangar birki ta daina zama da'ira. Wadda ba ta zuwa sai da kaya, a nemi laifin a baya. Tambaya ta ƙarshe kuwa ta fi kowace amfani, domin rawar da ta fara washegarin ranar da aka yi faci ko aka ja kaca, ta riga ta faɗi inda ta fito.

Daga nan sai ya bi tsari, kuma tsarin nasa yana da hikima: daga mai arha zuwa mai tsada, daga abin da ake gani zuwa abin da sai an kwance.

Iska da roba

Farkon abin dubawa iska ce. Littafin da ke zuwa da irin waɗannan babura yakan ce a ba tayar gaba wajen 25 a geji, ta baya 28, a kai ta 32 idan da goyo. Amma da yawa daga masu faci da babban yatsa suke gwaji, mai babur kuma yana cewa a ƙara, a ganinsa taya mai tauri ita ce mai ɗaukar kaya. Tayar gaba da aka cika fiye da kima tsalle take yi a kan gargada, riƙonta ga ƙasa ya ragu. Wadda iskarta ta yi kaɗan kuma gefenta ke lanƙwashewa, kai ya yi nauyi yana lilo. Gwani yana da geji, kuma yana amfani da shi.

Sai ya kafe mashin a kan babban jak ya ce wa yaronsa, "Kai, danne mani baya." Gaba ya tashi sama, ya juya taya yana kallonta daga gaba, ido ɗaya a rufe. A gefen kowace taya akwai wani siririn layi da aka zana ya kewaye ta kusa da bakin wili. Idan layin nan ya nutse a wani wuri ya fito a wani, tayar ba ta zauna daidai ba tun ranar da aka mayar da ita. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo na kayan gyara: a sace iska, a shafa ruwan sabulu a bakin, a sake hurawa har layin ya fito daidai ko'ina.

Bayan ido sai tafin hannu. Yana shafa bayan tayar daga gaba zuwa baya, ya sake shafowa daga baya zuwa gaba. Tayar da ta ci ba daidai ba takan yi tudu da kwari a jere, santsi ta wannan fuska, kaushi ta waccan, abin da ido ba ya saurin kamawa. Yana neman kumburi, alamar zaren ciki ya tsinke. Yana duba lambobi huɗu da ke gefen tayoyi da yawa, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara, domin roba tana tsufa ta bushe ko ba a hau ta ba. Sannan ya juya tayar ya bar ta ta tsaya da kanta, ya yi alama da alli, ya sake juyawa. Idan kullum wuri ɗaya ke sauka ƙasa, wurin ya fi nauyi. Sau da yawa idan aka buɗe sai a tarar da faci a kan faci, ko wani yankin tsohuwar taya da aka cusa aka toshe yaga da shi. Wani lokaci kuma ba komai ba ne illa busasshiyar laka da ta manne a gefe ɗaya na wili.

Ɗaurin wili

Idan roba ta fita daga zargi, sai a koma kan ƙarfen da take kai. Gwani ya kama tayar sama da ƙasa da hannu biyu ya girgiza ta gefe da gefe. Ɗan motsi kaɗan ya isa shaida cewa boris ɗin cikin cibiya ya mutu, ko notin aksul ya saki. Ya juya ta ya ɗora yatsa a kan fok: boris mai lafiya shiru yake, wanda yashi ya shiga kuwa gurzarsa tana isowa har yatsa.

Sai wayoyin wili. Yakan ɗauki ƙaramar sifana ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Wadda ke ɗaure tana amsawa da ƙara mai kaifi, wadda ta saki sai ta ce ɗif. Daga nan ya riƙe alli a jikin fok, bakinsa dab da gefen wili, ya juya. Duk inda wilin ya karkato sai ya taɓa allin ya ɗauki farin zane. Littattafan gyara sukan ce karkatar da ta wuce milimita 2 ta yi yawa, kuma idon da ya saba yana ganin wannan ba tare da ma'auni ba.

A nan ake gane hannun da ya ƙware. Wayoyin suna tasowa daga ɓangarori biyu na cibiya, rabi daga dama, rabi daga hagu. Idan wili ya karkata dama, sai a ɗan sassauta wayoyin dama da ke wurin, a ɗaure na hagu su jawo shi. Ba a yi wa waya ɗaya juyi mai yawa. Kwata-kwatan juyi ake yi, a raba shi kan wayoyi uku ko huɗu, ta tsakiya ta fi samu, na gefe su samu kaɗan. A goge allin, a sake juyawa, a sake dubawa. Mai gaggawa yakan gyara karkatar gefe ya haifar da tsalle, wilin ya daina zama da'ira. Gwani yana lura da duka biyun a lokaci guda, kuma idan ya gama yakan cire taya ya goge kan duk wayar da ta leƙo ciki, don kada ta huda tif bayan kwana biyu. Wilin da ba na waya ba kuwa, irin wanda aka zuba a dunƙule, idan ya tsage ba ya karɓar magani, kuma bakanike mai amana zai faɗi haka ko da mai shi bai so ji ba.

Wuya, inda ake gane mai amana

Kan babur yana juyawa ne a kan jeri biyu na ƙananan ƙwayoyin boris, ɗaya a saman wuya, ɗaya a ƙasa, kowane jeri yana gudu a cikin kofinsa na ƙarfe. Duk dukan da tayar gaba ta sha a hanya, a nan yake ƙarewa.

Gwaji biyu ake yi. Gaba yana sama, gwani ya tsuguna ya kama ƙafafun fok ya ja su gaba ya tura baya. Idan ya ji ƙwas, wuya ya saki. Sannan ya tura kai da yatsa ɗaya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Lafiyayyen wuya yana wucewa sumul. Wanda ya lalace kuwa yana zuwa tsakiya sai ya ɗan maƙale, sai an ƙara turawa ya fita. Dalili shi ne babur ya fi tafiya a miƙe, don haka ƙwayoyin suna dukan wuri ɗaya shekara da shekaru har su haƙa wa kansu 'yan ramuka.

A nan hanya ta rabu biyu. Akwai gajeriya: a ɗauki guduma da kurfi a buga notin wuya ya ɗaure tam. Rawa za ta ragu a ranar, mai babur ya biya ya tafi yana godiya. Amma babur yana tsayuwa ne da 'yan gyare-gyaren da kai ke yi da kansa a kowane lokaci, kuma wuyan da aka shaƙe ba ya iya yin su. Sai mashin ya koma yawo a hanya idan ana tafiya a hankali, ya ƙi bin hannu a cikin yashi, ramukan kofi kuma su ƙara zurfi. An rufe bakin ciwo ne, ba a warkar da shi ba.

Gwani doguwar hanya yake bi. Kafin ya sauke wuya sai ya shimfiɗa tsumma a ƙasa, domin ƙwayoyin zubowa suke yi, kuma wadda ta faɗa cikin yashi ta tafi ke nan. Ya tattara su ya ƙirga na sama daban, na ƙasa daban. Yaro ya wanke su da kananzir a cikin yankakkiyar jarka. Shi kuwa ya goge kofin ya karkata shi ga hasken rana, sai ga 'yan ramukan a jere suna ƙyalli, kowace ƙwaya da nata. Ya sa farce ya bi ta kansu don mai babur ya ji da kunnensa. Ba ya haɗa tsofaffin ƙwayoyi da sababbi, ba ya sa sababbi a tsohon kofi, domin wanda ya lalace shi ke cinye mai lafiya. Wajen fitar da tsohon kofi yana bugu kaɗan-kaɗan yana zagayawa, don kada ya fito a karkace ya buɗa mazauninsa. Wajen shigar da sabo yakan ɗora tsohon a kansa ya buga, guduma ba ta taɓa sabon ƙarfe. Sai ya cika kofin da giris ya dasa ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, giris ɗin ya riƙe su har a mayar da wuya.

Ɗaurin ƙarshe shi ne aikin da ba a koya da baki. Ya ɗaure notin sosai don komai ya zauna, ya sassauta, sannan ya dinga matsawa kaɗan-kaɗan har ƙwas ɗin nan ya ɓace, amma kai yana faɗawa gefe da nauyin kansa idan an ɗan taɓa shi. Tsakanin sako-sako da shaƙewa tazarar ba ta kai kwatan juyi ba. Bayan ya ɗaure babban notin sama sai ya sake gwadawa, domin ya san wannan notin yakan ƙara matse na ƙasa.

Laifin baya da ke fitowa a gaba

Kafin ya bar gaba yakan duba fok. Idan ƙafa ɗaya tana yoyon mai ɗayar ba ta yi, to ɗaya na aiki ɗaya na hutu, kuma kowane rami sai ya murɗa tayar. Mai daidai wa daida ake zuba wa kowace. Babur ɗin da ya taɓa faɗuwa kuma, sau da yawa fok ɗinsa ya murɗe a cikin maƙallansa, taya na kallon gabas kai na kallon wani wuri. A sassauta notoci, a daidaita, a ɗaure daga sama zuwa ƙasa.

Abin da ke ba masu babura mamaki shi ne ganin bakanike ya koma baya alhali gaba suka kawo ƙara. Ya kama tayar baya ya girgiza ta gefe, yana neman bushin ƙarfen da ke riƙe da ita, domin idan ya cinye, tayar baya ita ma tuƙi take yi ba da izinin kowa ba. Ya duba notocin jan kaca na dama da na hagu, waɗanda yaran shago kan ja ɗaya fiye da ɗaya. Don ya tabbatar, sai ya ɗauko zare ya zagayo da shi ta bayan tayar baya, ya miƙo shi gaba ta gefe biyu yana shafar gefenta. Idan tazarar zaren da tayar gaba ba ɗaya ba ce dama da hagu, tayoyin biyu ba sa bin sawu ɗaya. Ya danna sirdi ya saki: shokazoba mai rai sau ɗaya take tasowa ta tsaya, matacciya kuwa sai ta yi ta lilo.

Sannan kariya, wato mazaunin kaya da ke bayan sirdi. Mutane da yawa suna kai babur wurin mai walda a ƙara mata tsawo da rodi don ta ɗauki buhu. Duk nauyin da ya zauna a bayan aksul ɗin baya ɗaga gaba yake yi, kuma tayar gaba da ba ta danne ƙasa ba, ba ta da abin da za ta kashe rawa da shi. Wannan ba sifana ke gyara shi ba, magana ce. "Alhaji, mashin ɗinka lafiya lau yake. Ka riƙa matso da buhun gaba, mai nauyi a ƙasa, ka ɗaure shi kada ya yi motsi. In kaya ya yi yawa, ka yi sawu biyu."

Ilimin bai tsaya kan ƙafa biyu ba. Keken dakon kaya mai ƙafa uku gabansa na babur ne, kuma duk abin da aka faɗa ya hau kansa, sai ƙarin cewa kayan da aka tara a ƙarshen akwati, ko tayoyin baya da iskarsu ta bambanta, ko notocin da ke riƙe sifirin da suka saki, duk suna aika rawa zuwa hannun direba. A ƙaramar motar shiga daji kuwa, ana ɗaga taya a kama ta dama da hagu a girgiza don jin ƙarfen da ke haɗa ta da sitiyari, a kama ta sama da ƙasa don jin boris da gaɓoɓin da take juyawa a kai. Ƙarfe ya bambanta, tambayar ɗaya ce: wa ke zunguri, wa ya saki?

Kuɗin gano ciwo

Gwani ba ya sallamar mashin sai ya hau shi, ya kai shi gudun da aka ce yana rawa, ya bi da shi ta gargada, ya sassauta riƙo ya ji abin da kai zai yi. Abu ɗaya yake gyarawa ya gwada kafin ya taɓa na biyu, domin wanda ya canza abu biyar a lokaci guda, ko rawar ta tafi bai san wanne ne mai laifi ba, gobe kuma ba shi da abin da zai koya wa yaronsa. Yakan kuma bar mai babur da gargaɗi: in rawa ta kama ka a hanya, kada ka damƙe birkin gaba, kada ka yi kokawa da kai. Ka matse tanki da gwiwa, ka ranƙwafo gaba, ka saki totur a hankali, ka taka birkin baya sannu-sannu har ka tsaya.

A Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ɗalibai suna koyon lissafin ƙarfe da motsi a kan allo. A rumfunan bakin tasha ana koyon abu guda da yatsa da kunne, daga wankin boris har zuwa ranar da maigida zai miƙa wa yaro sifana ya ce ya ɗaure wuya da kansa. Ilimi ne na gaske, sai dai kasuwa ba ta san farashinsa ba. Mun saba biyan kuɗin abin da muka gani an cire an jefar. Bakaniken da ya canza fok da wili da taya ba tare da bincike ba, shi ke karɓar kuɗi mai kauri a kuma yaba masa. Wanda ya ɓata rabin awa yana tambaya da shafa da saurare, ya gano cewa iska ce ta yi yawa kuma kaca aka ja a karkace, sai a ce ai bai yi komai ba, a miƙa masa na goro.

Wannan ɗabi'a ita ke tura masu hannu mai kyau zuwa gajeriyar hanya, kuma mai babur ne ke biyan bashin a kan gargada, da buhu biyu a bayansa. Duk wanda ya samu bakaniken da ke tambaya kafin ya kwance, mai nuna masa ramukan kofi kafin ya ce a sayo sabo, mai iya cewa mashin lafiya yake kaya ne ya yi yawa, to ya riƙe shi da kyau. Ya biya shi kuɗin binciken cikakke ko da bai sa masa sabon ƙarfe ko ɗaya ba, in kuma yana da yaro mai sha'awar sana'ar, rumfar da zai kai shi ke nan.